Ƙwallon da Ya Faɗa Burtali

Unguwar Hausawa,
Inugu.

Zuwa ga Mai Sunan Malam, a Fatakwal.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa jirgi ya sauke ka lafiya, ka tarar da ɗakinka da aikinka yadda ka bar su. Allah ya tsare ka daga ruwan garin nan da sauronsa, ya tsare ka daga bakin mutane, wanda ya fi sauro cizo. Mu nan lafiya lau muke. Ba labarin gida zan ba ka ba, jiya-jiya ka bar shi.

Ga jakar sandunan golf ɗinka nan na haɗo da wannan takarda a hannun mai motar albasa. Innarka ce ta tsince ta a ƙarƙashin gado ranar da ka tafi, da ta shiga shara. An tura ta can ƙurya, an lulluɓe da tsohuwar tabarma. Ita ta ce mantuwa ka yi. Na ce mata ni ban taɓa ganin mantuwar da ke lulluɓe kaya da tabarma ba.

Kada ka wahalar da kanka wajen shirya mini zance, labari ya riga ka isowa. Shi wannan mai motar ya zayyana mini komai a bakin kwata, yana yi yana share hawayen dariya. Ya ce ka tsaya bugu a wajen ramin ƙwallon nan na filin golf ɗinku da ke gefen burtali, inda ake koro shanu daga tashar jirgi zuwa mayanka. Ka ɗaga sanda ka buga, ƙwallo ya tashi kamar abin kirki, da ya yi rabin tafiya sai ya tuna da dangi, ya karya dama, ya tsallake shinge, ya sauka a tozon wani bajimi cikin garken Alhaji Ɗanladi, Sarkin Kara. Shanu suka watse, masu kora suka wuni suna kamo su a cikin rogon mutane. Ranar Juma'a kuma, a ƙofar masallaci, Alhaji ya ce ɗan mahauci ya zama Bature har ya fara jifan shanun da suka kai shi makaranta. Mutanen kulob sun yi dariya, mutanen unguwa sun yi dariya, kai kuwa tun ranar ba ka sake taka filin ba, ba ka kuma sake leƙa zauren Alhaji ba.

To, ka ji da kyau, ban yarda ba. Sandunan nan ba za su yi tsatsa a ƙarƙashin gadon Innarka ba. Za ka koma ka tsaya a wannan ramin, ka buga ƙwallo ya tafi inda ka aike shi. Kuma ba don kai kaɗai nake faɗa ba, ina da buƙata ta kaina. Ina so in zaga filin nan tare da kai tun ƙafafuna suna iya ɗaukata, idan kuwa ka ajiye sanda yanzu, na rasa ke nan. Abin da ya rage gyara ne, gyaran kuma na san shi, domin ciwon da ke hannunka a hannuna ka gada.

Ka san ni ba a ofis na tashi ba. A Anacha na buɗe ido a gaban kututture, ina saran ƙashi tun adda tana rinjayata. Da na dawo Inugu Allah ya buɗa, na samu kai nama gidajen manyan reluwe da kicin ɗin kulob. Shekara da shekaru ta ƙofar baya nake shiga. Da zamani ya juya aka fara karɓar baƙar fata, abokina Nwosu, babban fomanin nan na reluwe da ya daɗe a Zariya har Hausa ta kama bakinsa, shi ya ja ni ta ƙofar gaba, ya damƙa mini sanda. Na dubi ɗan ƙwallon nan da bai kai ƙwan kaza ba, na ce a raina ni da nake raba cinyar sa da sara ɗaya, wannan ne zai gagare ni? Na ɗaga na sauke. Ƙwallo ya tashi, ya yi kwana dama, ya shige daji. Na sake, ya bi ɗan'uwansa. Nwosu ya zauna a ƙasa don dariya, ya ce, "Oga Garba, dis wan no bi kau leg." Sannan ya ƙara da Hausarsa ta Zariya, ya ce wannan ba ƙafar saniya ba ce, in daina sara.

Su a can suna kiran wannan ciwo silais. Sunan bai dame ni ba, sanin inda yake fitowa shi ne magani. Dubi yadda mahauci yake sara: ya ɗaga adda sama, kafaɗar dama ta fito gaba, ya sauko da ita daga waje yana jawowa wajen cikinsa. A kan ƙashi wannan shi ne daidai. A kan ƙwallo kuwa, kan sandar yana zuwa ne daga waje ya gitta zuwa hagu, fuskarsa a buɗe tana kallon dama, sai ya shafi gefen ƙwallon maimakon ya same shi a ƙeya. Shafar nan ita ke sa shi juyi a iska, juyin kuma shi ke ɗaukarsa dama. Ba iska ba ce, ba sammu ba ne, ba kuma sandar ce ta tsufa ba, don duk ukun na zarga kafin in zargi kaina. Kai ma duk hutun makaranta a gaban kututturen Baffanka ka yi shi. Akawu ne kai yanzu, amma kafaɗarka ba ta san an yi maka canjin aiki ba.

Kuskurena na farko, na tabbata kana cikinsa tsundum. Da na ga ƙwallo yana gudu dama, sai na ce ai da sauƙi, bari in juya hagu in ba shi fili ya yi kwanarsa. Na juya kaɗan, ya ƙara karkata. Na ƙara juyawa, ya ƙara. Har aka kai idan na tsaya bugu, mai kallo zai zaci fushi na yi zan tafi gida. Ashe duk juyawar da nake yi hagu, ƙara wa sandar hanyar gittawa nake yi. Gudun gara na faɗa gidan zago. Saboda haka ka ajiye sanda ɗaya a ƙasa gaban yatsun ƙafarka, ta miƙe zuwa inda kake nufi. Ƙafafunka da ƙugunka da kafaɗunka duk su bi ta, kamar layin dogo. Kafaɗun nan su ne munafukai, ƙafa za ta miƙe su kuwa suna leƙen hagu, don haka ka sa wani ya tsaya a bayanka ya duba maka. Zuciyarka za ta ce maka burtali ka saita, kada ka saurare ta.

Sai riƙo. Na daɗe ina damƙe sanda a tafin hannu har jijiyoyina su tashi, don na ɗauka nisa a ƙarfi yake. Nwosu ya faɗa har ya gaji. Wata rana ya zo kwata sayen hanta, ya tarar ina feɗe rago. Ya tsaya yana kallona, can ya tambaye ni me ya hana ni riƙe sanda yadda na riƙe wuƙar nan. Na dubi hannuna. Wuƙar fiɗa ai a yatsu take zama, wuyan hannu a sake, tana tashi daga kusa da jiki ta zame waje, ba a danna ta. Ashe ina da hannu biyu a sana'a, na sara da na fiɗa, na kwashi wanda bai dace ba na kai fili. Na ji kunya ranar, na kuma ji daɗi.

Ga yadda za ka yi. Ka ɗora makamar sandar a gindin yatsun hannunka na hagu, ba a tsakiyar tafi ba. Ka murɗa hannun zuwa dama har idan ka sunkuya ka duba kana ganin ƙasusuwan gindin yatsu biyu, da ɗan gefen na uku. Tsagar da ke tsakanin babban yatsa da manuni ta kalli kafaɗarka ta dama. Hannun dama ya zo ta ɗan ƙasa, tafinsa ya rufe babban yatsan hagu. Wannan shi ke hana fuskar sandar buɗewa. Da farko za ka ji kamar ka sa takalmin wani, kuma ƙwallayen farko za su tafi ƙasa-ƙasa su nufi hagu. Idan ka ga haka ka gode wa Allah, ciwon ya fara jin magani. Ni a nan na yi wauta, na tsorata na koma tsohon riƙo, na ɓata rani guda a banza.

Riƙo kaɗai bai isa ba, don kafaɗar nan ta dama sai ta fito gaba ko an hana ta. Abin da na yi mata, kai ma ka gani kana yaro, sai dai ba wanda ya gaya maka ma'anarsa. Na rataye ƙirgi a bangon bayan gida don ya tare ƙwallo, na ajiye ƙwallon a ƙasa, sannan na ajiye doya a can gefensa na waje, da tazarar tafin hannu, na ɗan ja ta baya. Idan sanda ta zo daga waje, doya za ta fara samu. Idan ta zo daga ciki, ta kusa da ƙafata ta dama, sai ta wuce doya ba ta taɓa ta ba. A daminar nan mun ci sakwara har ƙannenka suka fara ɓuya idan sun ji turmi. Rannan Innarka ta leƙo ta ga na sake fasa wata, ta ce, "Malam, in dai dakan doya kake so, ai da ka faɗa an ba ka taɓarya." Na ɗauko wata. Kai ma ka nemi doya, Fatakwal ba a rasa ta. Ka kuma cusa hularka a hammatar dama, ka matse ta har sanda ta sauko. Idan hula ta faɗi tun kana sama, gwiwar hannunka ta gudu daga haƙarƙari, saran ya dawo ke nan.

Akwai kuma abin da na daɗe ban gane ba, na zaci hannuwa ne ke bugu. Su ai 'yan rakiya ne. Ka san tsayuwar masu kora, sanda a gicciye a wuya, hannuwa a rataye a kanta. Ka yi irinta, ka ɗan sunkuya, ka juya har bayanka ya kalli inda ƙwallo zai tafi. Wajen dawowa ƙafar hagu ce za ta fara karɓar nauyi, ƙugu ya bi, kafaɗu su jira, hannuwa su zo a ƙarshe. Idan sanda ta iso ƙwallo, kada ka ƙanƙame ta don tsoro, ka bar hannun dama ya mirgina ya hau kan na hagu. Ka riƙa yin haka da safe kafin ka tafi ofis, ko maƙwabta za su ce ka taɓu. Doguwar sandar nan mai kan katako kuwa ka bar ta a jaka tukuna, ita ce ta fi tona asiri. Ka fara da matsakaiciya ta ƙarfe, da rabin ɗagawa, sai ƙwallo ya fara jin magana sannan ka ƙara. Sannu ba ta hana zuwa. Kuma ka zaɓi mutum ɗaya a kulob da za ka riƙa tambaya, don duk wanda ya ga kana fama zai kawo maka nasa maganin, ni har wanda bai taɓa wuce ni ba ya koya mini, na haɗa su duka na sha, na fi da lalacewa.

Yanzu maganar Alhaji Ɗanladi. A nan ba na bayanka. Mutumin da yaransa suka wuni a cikin rogo suna bin shanu yana da ikon ya faɗi abin da ya fi wannan. Ni ma an yi mini. Da labari ya iso unguwa cewa ina zuwa fili, marigayi Sarkin Fawa ya ce a zaure, Garba ya bar bin shanu ya koma bin ƙwai. Kowa ya fashe. Maimakon in yi dariya tare da su, sai na kumbura, na daina zaman la'asar a zauren. Na ce sai sun neme ni. Ba wanda ya neme ni. Zolayar da za ta mutu a mako guda, ni na raya ta da fushina, don rashin zuwana ya zama shaidar cewa lallai Garba ya fi ƙarfin mutane. Ran da na sauko na koma, ba wanda ya tuna da maganar ƙwai, amma wani ya saba da zama a gurbina, sai da na daɗe a bakin ƙofa kusa da takalma. Wannan ya fi zolayar ciwo.

Don haka kada ka bari wata Juma'a ta wuce. Ka sayi goro mai kyau, ka cire wandon ofis ka sa riga, ka je zauren. Ka tuɓe takalmi, ka durƙusa, ka ba da haƙuri, ka tambayi lafiyar bajimin kamar yadda za ka tambayi mutum. Ka fita ka gai da masu kora ɗaya ɗaya, su suka sha rana. Kada ka tsaya yi wa kowa bayanin yadda ake golf, ba wanda ya tambaye ka. Idan aka zolaye ka, ka yi dariya ka ƙara musu da wata daga aljihunka. Mu baƙi ne a ƙasar nan duk daɗewarmu, ranar da abu ya same ka, mutanen zauren nan ne za su ɗauke ka. Amma kada ka yi wa Alhaji alkawarin barin wasa. Alkawarin da za ka yi masa shi ne ƙwallo ba zai sake faɗa masa burtali ba, sannan ka je ka cika.

Saura magana ɗaya, ita ce ta sa na rubuta da hannuna ban kira mai rubutun wasiƙa ba. Kai ɗan fari ne. Tun da aka haife ka ban taɓa kiran sunanka ba, ban ɗauke ka a gaban mutane ba, ban zaunar da kai na koya maka komai da bakina ba. Sara Baffanka ya koya maka, karatu malamai. Sandunan nan ma ba hannu da hannu na ba ka ba, a ƙofar ɗakinka na sa aka jingine su ranar da aka tura ka Fatakwal. Na ba ka sanda ban ba ka yadda ake riƙe ta ba, alhali na san sarai abin da kafaɗarka za ta yi. Ba al'ada nake zagi ba. Da ita aka raine ni, mahaifina har ya koma ga Allah bai taɓa zama hira da ni ba, kuma ban taɓa shakkar yana sona ba. Amma nakan ga Nwosu da babban ɗansa a fili, suna tafe suna gardama kan wa ya fi wani, uban yana gyara wa ɗan tsayuwa, wani lokaci ɗan ne ke gyara wa uban. Idan na gan su sai in kau da kai. Kishi ne, na faɗa.

Na duba ko'ina, a gida ba zai yiwu ba, a kasuwa ba zai yiwu ba, a zaure ma haka. Filin nan ne kaɗai wurin da zan jera da kai tun daga hantsi har azahar, in yi maka magana ka ba ni amsa, ba mai cewa Garba ya zubar da kunya, don dokar wasan ce ta ce a jera. Dalilin da ya sa na ba ka sandunan ke nan. Na yi ta jira ka iya, in zo. Yanzu na ga jiran nan ma kuskure ne, da ni da kai kowa yana jiran ɗan'uwansa, ƙwallo kuwa yana ta faɗawa shanun mutane.

To na daina jira. Bayan Babbar Salla, idan wuƙa ta huta, zan hau jirgi in zo. Kafin nan ka yi aikinka, ba a fafe gora ranar tafiya. Idan na iso mu fara zuwa mu gai da Alhaji tare, daga nan mu wuce fili, kai tsaye zuwa ramin nan na gefen burtali. Zan kama hannuwanka in ɗora su a kan sanda da kaina, duk mai kallo ya kalla. Sannan zan bar ka a nan in yi gaba, in tsaya can dama a jikin shingen, daidai inda ƙwallonka ya saba tsallakawa, in cire farar hulata in ɗaga maka.

Jikinka ya saita tsakiyar fili, amma hannuwanka ni za ka jefo wa su. Idan ka ji tsoron samuna ka janye hagu, saran zai dawo, ƙwallon kuma wajena zai zo. Idan ka riƙe riƙon fiɗa ka sako sandar sosai wajen ubanka, zai taso kamar ni ya nufa, sannan ya lanƙwasa ya koma tsakiya. Na san zai koma, shi ya sa zan tsaya, kuma ba zan sunkuya ba.

Innarka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci. Ƙannenka suna gaisuwa, Nwosu ma ya ce a gaishe ka. Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka a fitarka da shigarka, ya daidaita maka hannu da zuciya. Allah ya kiyaye shanun Alhaji, ya kiyaye goshina, ya kai mu ranar da rai da lafiya. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Garba.